Cricut Ko Silhouette: Wacce Ta Dace Da Mai Son Yin Sitika A Gida?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hajiyarmu mai zoɓo da kunun aya da yaji a Gwarimpa ta yi tambaya shekaranjiya. Ƙaninta zai dawo daga Amurka, ya ce ta zaɓi na'urar yankan sitika guda ɗaya ya taho mata da ita, to Cricut za ta ce ko Silhouette? Ta kuma tambaya ko na'urar ce ke buga hoton da kanta. Amsoshin da aka ba ta sun yi gajarta, kowa ya yabi wadda ke ɗakinsa, shi ya sa na ga gara in zauna in warware zancen, tunda da wannan sana'a nake ci a nan Kubwa, kuma na yi aiki da dukansu biyu.

Hajiya, bari mu fara da tambayarki ta biyu, don ita ce ke jawo wa mutane asara. Babu wadda ke bugawa a cikinsu, yanka kawai suke yi. Ke za ki tsara zanenki a kwamfuta, manhajar na'urar ta sa masa wasu baƙaƙen alamu a kusurwoyin takarda, firinta ta buga, ki manna takardar a kan tabarma mai danƙo ki tura cikin na'urar. Kusa da wuƙar akwai wani ɗan ido, shi ke bi ya nemo alamun ɗaya bayan ɗaya, da su take gane inda kowane zane ya zauna kafin ta fara yanka. Ke nan kuɗin firinta da tawada da takarda na nan na jiranki, ko wacce kika ɗauka.

Kamfanonin biyu duk a jihar Utah ta Amurka suke, sai dai na'urorin Silhouette suna da tushe a Graphtec na Japan, wanda ya daɗe yana ƙera manyan injinan yanka na masu allunan talla. A ɓangaren Cricut akwai Explore da Maker. Maker ta fito a 2017, an yi ta ne don ta iya da yadi da fata da siririn katako, kuma ta fi tsada. Mai sitika ba ta buƙatar wannan ƙarfin, Explore ta wadatar. Ki ja kunnen ƙaninki kan 'yar ƙaramar nan Cricut Joy ta 2020. Tana da kyau, tana da araha, amma ba ta da idon karanta alamu, don haka ba za ta bi zanen da aka buga ba. Joy Xtra da ta biyo baya a 2023 ita ce ke iyawa. Silhouette kuma tana da Cameo mai faɗin inci 12, ta huɗu ta fito a 2019, ta biyar a 2023, sannan ga Portrait, ƙanwarta, wadda girmanta ya yi daidai da takardar A4, ba ta kai Cameo kuɗi ba, kuma ba za ta cinye masa akwati ba.

Inda suka rabu da gaske shi ne manhaja, kuma a ƙasarmu nan ne maganar take. Manhajar Cricut, wato Design Space, a jingine take da intanet. Sai kin buɗe asusu, kuma duk sabon hoton da za ki shigar sai ya hau rumbunsu na intanet tukuna kafin ki yi aiki da shi. Ana iya ajiye aikin da aka riga aka gama a yanka shi ba tare da intanet ba, amma ranar da mai biki ta kira ki da daddare ta ce a canza hoto, ga data ta ƙare ko sabis na rawa, to zama ya kama ki. Silhouette Studio kuwa sau ɗaya za ki sauke ta a kwamfuta, daga nan ki zana, ki shigar da hoto, ki buga, ki yanka, ko da wayarki a kashe take. Fayilolinki ma a kwamfutarki suke zaune.

Ga batun biyan kuɗi. Design Space kyauta ce, amma galibin zane-zanenta da salon rubutunta suna ƙarƙashin Cricut Access, wanda ake biya duk wata ko duk shekara da kuɗin waje. A watan Maris na 2021 kamfanin ya sanar cewa wanda ba ya biya ba zai wuce shigar da hotuna 20 a wata ba. Masu na'urar suka yi ca a kansa, cikin 'yan kwanaki ya janye. An janye ɗin, amma ni abin ya tsaya mini a rai, domin ya nuna cewa dokar aiki da na'urar da kika saya da kuɗinki tana iya canzawa daga can. Silhouette Studio ita ma tana da matakai. Na kyauta yana karɓar hotunan PNG da JPG, yana bin gefen zane ya fitar da layin yanka, yana kuma yi masa farin baki kewaye, wanda shi ne kusan duk abin da mai sitika ke nema. In kina son buɗe fayil ɗin SVG, wato zanen da ya zo da layukan yankansa a shirye, sai kin sayi matakin Designer Edition, amma biya ɗaya ne.

A sauƙin koyo kam, Cricut ce gaba, wannan ba abin musu ba ne. Za ki zaɓi sunan takardar a jeri, ta daidaita ƙarfin wuƙa da kanta, ki danna maɓalli. Manhajarta ta waya ma ta fi ta Silhouette cika. Wadda ba ta da kwamfuta, ko ba ta son zama gabanta, za ta fi jin daɗin Cricut tun ranar farko. Silhouette Studio maɓallanta sun yi yawa, makon farko sai an yi haƙuri.

To amma yawan maɓallan nan shi ne ribarta daga baya. Yankan sitika iri biyu ne. Akwai na sama-sama, inda wuƙa za ta yanke fuskar mai danƙo ta bar takardar baya lafiya, ki riƙa ɓantarowa kina mannawa a gora. Wannan shi ne naki na yau da kullum. Akwai kuma wanda ke ratsawa har baya, kowace sitika ta fita ita kaɗai, irin wadda ake jefawa cikin jakar rabon biki ko suna. A Silhouette ke za ki faɗi tsawon bakin wuƙa, da nauyin dannawa, da sauri, da yawan zagaye, har ki ce jan layi a yi masa sama-sama, shuɗin layi a ratsa, duk a shiga ɗaya. Tunda takardar da muke samu a kasuwa ba kullum iri ɗaya ba ce, yau mai kauri gobe siririya, wannan iko yana ceton takarda ƙwarai. A Cricut ma ana iya ƙirƙirar saitin kai, sai dai hanyar ta fi zagaye.

Sai filin takarda. Alamun kusurwa suna cin wuri, ba duk A4 ɗin za ki mora ba. Shekaru da dama iyakar Cricut inci 6.75 ne a 9.25, daga baya aka faɗaɗa, amma manhajar ce ke yanke miki iyaka. A Silhouette kina iya matsar da alamun zuwa gefe, ki rage tsawonsu, ki samu ƙarin layi guda. Sitika zagayayya mai faɗin santimita 5, takarda ɗaya za ta ɗauki 12 zuwa 15. Gora 500 ke nan takarda 34 zuwa 42. Ki riƙe wannan lissafi, zan dawo kansa.

Akwai ciwon da dukansu ke fama da shi: takarda mai sheƙi. Idon na'urar haske yake harbawa ya karanta baƙi da fari, to in ya faɗa kan fuska mai ƙyalli sai hasken ya dawo masa. Za ki ga kan wuƙar ya je kusurwa ya tsaya, ya matsa gaba, ya dawo baya, ya sake komawa, can sai saƙo ya fito a allo cewa ba a ga alama ba. Maganinsa ba wuya. Ki yanka ledar laminatin ɗinki, wato ledar kariya da ake mannawa a kan sitika, ta rufe zanen kaɗai ta bar alamun a buɗe, ko ki manna salatif marar sheƙi a kansu, kuma ki janye na'urar daga bakin taga. Wani abin kuma, kayan Amurka kan zo a saite kan takardarsu mai inci 8.5 a 11, alhali tamu A4 ce, milimita 210 a 297. Ki canza shi a manhaja, ki canza a firinta, kuma ki buga a ainihin girma, kashi 100. Da zarar firinta ta rage hoton ko da ƙiris don ya shiga shafi, yankan zai kauce.

Wani a cikin masu amsa miki ya ambaci wata na'urar yanka, Brother ScanNCut. Ita tana da na'urar ɗaukar hoton takarda a cikinta, ba ta neman alamu, ba ta neman kwamfuta; ki sa takardar ta duba ta nemo gefen zane. Tana da daɗi in zanen na da baki mai duhu, amma farin zane ko mai kala fara-fara a kan farar takarda yakan rikita ta.

In ni ce ke, Hajiya, kuma akwai kwamfuta a gidan, Silhouette zan ce: Portrait in sitika kaɗai ce, Cameo in kina hangen rubutun riguna da manyan ayyuka nan gaba. In waya kaɗai gare ki kuma intanet ɗin gidanki tsayayye ne, Cricut Explore ko Joy Xtra ba za su ba ki kunya ba.

Yanzu ga abin da ya fi zaɓen na'ura muhimmanci a sana'arki. Gorar zoɓo daga firji take fitowa, ta shiga kula cike da ƙanƙara, ta fito tana zufa a hannun mai saye. Sitikar takarda zalla ba ta kai wa azahar a haka: jan ya malala cikin fari, lambar waya ta dagule, gefe ya tattare ya saɓule. Firintocin tanki irin Epson EcoTank da Canon PIXMA G su ne masu sauƙin tawada, amma kalolin yawancin ƙananansu irin tawadar nan ce mai narkewa a ruwa, mai koɗewa a rana. Ɗaya nau'in, wanda ake kira figiment, ya fi jure ruwa. Don gora, ki nemi takardar roba ta binil wadda aka rubuta cewa ta firintar tawada ce, ki buga, ki bar ta ta bushe sosai, sannan ki shimfiɗa mata ledar laminatin mai danƙo, kina bi da tsohon katin banki daga sama zuwa ƙasa don kada iska ta maƙale. Kada a sa irin wannan binil a firintar leza, zafinta na iya narkar da shi a ciki. Kuma ki manna sitika tun gorar na bushe, kafin ta shiga sanyi. Danƙo ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. Robar yaji kuwa ba ta buƙatar duk wannan, takarda mai araha ta isa. Masu humra da man kitso, ku ma ku yi laminatin, mai yana cin tawada.

Wuta: na'urorin nan da firintar tawada ba su da ci, ƙaramar inbata ko sola za ta riƙe su. Ki tanadi hakan, domin in aka ɗauke wuta ana tsakiyar yanka, na'urar ta manta inda ta tsaya, sau da yawa takardar ta tafi ke nan. Wutar Amurka volt 120 ce, tamu 230, don haka ƙaninki ya duba jikin adafta ya ga an rubuta 100-240V. Firinta dai kada ya wahalar da kansa, ki saya a nan Abuja, a Banex ko wajen dillalan da kika yarda da su, inda za ki samu tawadarta da mai gyaranta.

Da hunturu ƙura ce ke kashe danƙon tabarma, ki riƙa mayar mata da farar ledarta da zarar kin gama. Da damina kuma takarda ke shan danshi ta lanƙwashe, firinta ta ja ta a karkace. Ki adana ta a kwance cikin ledarta a rufe.

Mu koma kan takarda 40 ɗin nan. Kowace sai an buga, an jira ta bushe, an yi laminatin, an manna a tabarma, an yanka, an ɓare. Yini guda ne cur, ga zoɓo na jiran a tace. In zane ɗaya ne ba ya canzawa kuma dubbai kike so, masu ɗab'i na Garki da Wuse suna da manyan injina masu bugawa a kan naɗin binil da tawadar da ruwa ba ya yi wa komai, kuma a irin wannan yawa da wuya na gida ya fi su araha. Na'urar gida tana biyan kuɗinta ne a ƙananan ayyuka masu yawan canji: gora 60 da sunan amarya da ango, kwalin suna, walimar sauka, sabon ɗanɗano da kike son gwadawa, ko 'yar sitikar ranar haɗawa da ranar lalacewa. A nan zan roƙi 'yan'uwa masu kayan ci da sha, kada kowa ta buga lambar NAFDAC da ba tata ba don sitika ta yi kyau. Laifi ne, kuma cin amanar mai saye ne.

Ko wacce aka tsayar, kada ta zo ita kaɗai. Wuƙa da tabarma su ne ke ƙarewa, laminatin kuma na saurin dakushe baki, sannan na Cricut ba ya shiga Silhouette. Ƙaninki ya haɗo da wuƙaƙe biyu ko uku na ainihin samfurin da ya saya, da tabarmi masu sauƙin danƙo, waɗanda a Cricut su ne shuɗɗa. Mai ƙarfin danƙo tana yaga bayan sitika wajen ɓarewa. Takarda kuwa ki saya a nan kaɗan-kaɗan, ki manna guda a gora ki kwanar da ita cikin ruwan ƙanƙara, in ta wayi gari lafiya sannan ki sayi kwali.