Rumfar gwanjon da na sayi takalmin hawan Chappal Waddi

Farcen babban yatsana na dama sai da ya yi baƙi ya fita bayan mun hau duwatsun Shere a Jos, duk saboda wani kambas da na saya ta intanet, lamba 43 cif, daidai ƙafata. Hawa lafiya lau. A gangara ne yatsu suka riƙa dukan bakin takalmin har na sauko ina ɗingishi.

Shi ya sa da abokai suka tsayar da maganar Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419, can cikin gandun dajin Gashaka-Gumti a bakin iyakar Kamaru, na nufi kasuwar Ƙofar Wambai a Kano wajen 'yan gwanjo. Aka nuna mini rumfar wani dattijo.

Da safe na je, ya ƙi sayar mini. “Malam, ka dawo bayan La'asar, ka taho da safar da za ka yi tafiyar da ita. Ƙafar safe ba ita ce ta yamma ba.” Na ji haushi, na ɗauka jan aji ne. Ashe gaskiyarsa, ƙafa tana kumbura in ta wuni tana aiki, ballantana a yi kwanaki ana tattaki.

Da na koma ya zaro shimfiɗar cikin wani but mai rufe idon sawu, lamba 44, ya ce in taka a kai. Ya sa babban yatsan hannunsa a gaban yatsuna, ya ce wannan filin shi ne na gangara. Na sa takalmin, na ɗaure igiya tamau, ya sa na shuri bango: yatsu ba su taɓa gaba ba, dunduniya kuma ba ta ɗagawa, don ɗagawar nan ce ke jawo bororo. Sannan ya lanƙwasa ƙasan takalmin da ƙarfi a gabana, domin wanda ya daɗe a dila yakan yi kyau a ido, amma robar tsakiyarsa ta ruɓe, sai ta dagargaje a hanya kamar busasshen burodi. “Baba, in ya ɓalle fa?” Ya ce in kai wa shumeka ya zagaye shi da ɗinki tun kafin in tafi. Na kai.

Aibin rumfar: ba wurin zama, a tsaye ake gwaji, kuma dattijon ba ya ragi sosai. Mata ma da wuya su sami lambarsu.

Mako uku na yi ina zagaya unguwa da shi kafin tafiya. A kan dutsen mun tsallaka rafuka, ya sha ruwa, kuma ba ya saurin bushewa, don haka a tafi da safa ta canji. Nauyi ma yana da shi. Amma na sauko da farcena goma.