Pink Floyd a Pompeii: na sayi sabon faifan, ga yadda na gan shi

Na daɗe ina kallon fim ɗin nan na wasan ƙungiyar mawaƙan rock ta Ingila, Pink Floyd, a YouTube gutsure-gutsure, hoto dishi-dishi, sauti kamar daga cikin randa, to da sabon faifan Blu-ray da aka fitar a Mayun 2025 ya zo hannuna, wanda suka sa wa suna Pink Floyd at Pompeii MCMLXXII, sai na ce bari in ajiye waya in zauna in kalle shi daga farko har ƙarshe. Sau uku na maimaita shi a sati ɗaya.

Ga wanda bai san labarin ba, a Oktoban 1971 ne darakta Adrian Maben ya kwashi 'yan ƙungiyar su huɗu, David Gilmour da Roger Waters da Richard Wright da Nick Mason, ya kai su tsohon filin wasan Romawa na Pompeii a Italiya, garin da dutsen Vesuvius ya binne da toka tun shekara ta 79. Babu ɗan kallo ko ɗaya fa. Daga su sai masu kamara sai tulin sifikoki da ƙura da rana, wutar lantarkin ma sai da aka jawo doguwar waya daga cikin gari. Lokacin jagoransu na farko Syd Barrett ya bar su tun 1968, kundin waƙoƙinsu Dark Side of the Moon kuma sai 1973 zai fito, wato suna tsaka da laluben hanya kenan, ni kuma wannan laluben ne ya fi burge ni.

Waƙar Echoes ce ta buɗe fim ɗin kuma ita ta rufe shi, an raba ta biyu. Kamara na can saman filin tana saukowa a hankali a hankali kamar ba za ta iso ba, Wright yana ɗan taɓa fiyano sautin na fita ɗaya-ɗaya kamar ɗigon ruwa a rijiya, har ka manta kana jiran waƙa, sannan muryarsa da ta Gilmour su shigo tare. Da suka kai tsakiya inda ganga da bes suka kama juna Gilmour ba riga yana yanka jita, wallahi sai da na mayar da wurin baya. Tunda babu wanda za su yi wa rawa ko murmushi, junansu kawai suke kallo, kana ganin yadda ɗaya ke jiran ɗaya.

Waƙar A Saucerful of Secrets kam ba kowa zai iya da ita ba. Gilmour zaune a ƙasa da jita a cinya yana goga mata ƙarfe, Wright na dukan fiyano da tafin hannu, Waters na jibgar wani ƙaton faifan tagulla rana na bayansa, hayaniya zalla har ka ce mutanen nan lafiyarsu kuwa, sai can ogan ta shigo a sanyaye komai ya lafa. A nan ne na ji aikin Steven Wilson, shi ya sake haɗa sautin, a da duk dunƙule nake jin su amma yanzu kowane abin kiɗa na da mazauninsa, bes ɗin Waters musamman ya fito. Hoton ma daga asalin fim ɗin aka sake wanke shi zuwa 4K, har zufa da rubutun jikin sifikoki kana gani.

A waƙar One of These Days kusan Mason mai ganga kaɗai ake nunawa, sandar kiɗa ta kuɓuce masa ya zaro wata bai tsaya ba, ni dai ban gaji da kallon wurin nan ba.

Inda nake da ƙorafi biyu ne. Na farko ba duka waƙoƙin aka ɗauka a Pompeii ba, Careful with That Axe, Eugene da Set the Controls for the Heart of the Sun a situdiyo aka yi su a Paris, idan ka lura da duhun wurin za ka gane. Na biyu hirarrakin da aka yi da su a situdiyon Abbey Road na Landan, waɗanda aka ƙara a fitowar fim ɗin ta 1974, kana cikin shauƙi sai a jefa ka kantin cin abinci Mason na nacin a kawo masa kek ɗin tuffa mara ɓawo, abin dariya ne a kallon farko, a na uku tsallakewa nake. Duk da haka gara wannan sau dubu da faifan DVD na 2003 da aka cusa wa hotunan sararin samaniya na kwamfuta.

Kar ka kalla da sifikar waya ko ta talabijin, asara ce, nemi abin sawa a kunne mai kyau. Kuma ka daure har waƙar Mademoiselle Nobs, Gilmour na busa hamonika wata karya mai suna Nobs na kwance tana kuka a makirufo, Wright na riƙe mata shi da natsuwa kamar wata babbar mawaƙiya aka gayyato.