Banjo mai tsirkiya huɗu, ƙirar hannu: abin da kunne ya ji

Duk wanda ya saba da gurmi zai gane tushen banjo da kallo ɗaya, domin fata ce aka ɗaure a bakin da'ira, aka ɗora jaki (ɗan itacen da ke tallafe tsirkiya) a kanta, tsirkiyoyi suka bi ta samansa. Hakan ba abin mamaki ba ne, tunda bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa ta a tsibiran Karibiyan da Amurka. Wadda na shafe watanni ina kaɗawa ita ce irin da ake kira plectrum, kuma wani ƙaramin shagon masassaƙa ne a Amurka ya ƙera ta da hannu.

Tsirkiyoyinta huɗu ne, wuyanta na ɗauke da layukan ƙarfe 22 da ake danne tsirkiya a kansu don sauya sauti, ana ɗaure ta a kan sautukan C, G, B da D, ana kuma kaɗa ta da ɗan farcen roba. Tsawon wuyan ne ya raba ta da ƙanwarta tenor mai layuka 17 ko 19, wadda muryarta ta fi kaifi da tsinkewa da wuri. Wannan kuwa idan aka ja farce a kan tsirkiyoyin huɗu gaba ɗaya, amon yana daɗewa kafin ya mutu, shi ya sa ta dace da salon fitar da waƙa da rakiyarta a bugu guda, salon da Eddie Peabody, makaɗin banjo ɗan Amurka, ya yi suna da shi tun shekarun 1920.

Inda aikin hannu ya nuna kansa shi ne wurin da ido ba ya saurin zuwa. Na kwance murfin baya na duba ciki, sai na tarar da'irar itacen maple mai faɗin inci 11 ta karɓi zoben tagullar da fata ke kwanciya a kansa daram, babu girgiɗi, gindin wuyan kuma ya kwanta a jikinta har takarda ba ta samun hanyar shiga tsakaninsu. Wannan haɗuwa ce ke hana amo zurarewa, ita ce kuma ta sa sautin layi na 17 bai yi siriri ba kamar yadda yakan yi a banjo masu araha. Allon yatsu na baƙin eboni ne, dangin kanya, an goge bakin kowane layin ƙarfe har ba ya kartar hannu. Adon bawon kifin teku da aka dasa a wuyan yana da kyau, amma a ganina kuɗi ya ƙara, bai ƙara zaƙi ba.

Tana da aibi biyu. Nauyinta ya kusa kilo 5, don haka mai kaɗawa a tsaye zai ji a kafaɗarsa kafin awa ta cika. Sannan fatar roba da ta zo da ita an ɗaure ta tamau, muryar ta yi tsauri, sai da na sa mabuɗi na sassauta ƙugiyoyin da ke ɗaure ta ɗaya bayan ɗaya, kwatan juyi kowace, kafin taushin itacen ya fito. Ɗan koyo da bai san wannan dabara ba zai iya ɗora wa maƙerin laifin da na mabuɗi ne, saboda haka na fi ba wanda hannunsa ya riga ya faɗa shawarar sayenta.