Ferrania P30 ko Ilford FP4 Plus: wanne za a ɗora wa kyamara?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya ce ya ji labarin kamfanin Ferrania na Italiya ya dawo da yin fim ɗin baƙi-da-fari, yana tambaya ko ya sayi P30 ɗinsu ko ya tsaya kan FP4 Plus da ya saba da shi. Malam, FP4 ne na aikin yau da gobe. P30 kuwa sai ka san hasken da za ka ɗauka kafin ka buɗe kwalinsa.

Tsohuwar masana'antar Ferrania tana kusa da Cairo Montenotte a yankin Liguria. Kamfanin 3M na Amurka ya saye ta a 1964, daga baya aka daina yin fim a cikinta. A 2013 Nicola Baldini da Marco Pagni suka kafa Film Ferrania, suka ɗauki ginin bincike na tsohuwar masana'antar da ƙaramin injin shafa sinadari da ke cikinsa. A 2014 suka tara fiye da dala 300,000 a Kickstarter, shafin intanet na tara kuɗi daga jama'a, da alkawarin fim mai kala, amma abin da ya fito a 2017 shi ne P30, baƙi-da-fari, wanda aka gina kan tsohon fim ɗin silima mai wannan suna. Ilford kuma a Mobberley ta Ingila take, ƙarƙashin kamfanin Harman tun 2005. Bambancin girman kamfanonin biyu yana shafar mai saye kai tsaye: FP4 kusan kullum yana kasuwa, P30 kan ɓace wata da watanni sannan ya sake ɓullowa.

A kwali, ISO ɗin P30, wato ma'aunin yadda fim yake jin haske, 80 ne, na FP4 kuma 125. Tazarar ba ta kai mataki ɗaya ba (mataki shi ne ninka haske ko rage rabinsa), amma halinsu ya yi hannun riga. FP4 yana da yafiya. Ka ƙara masa haske da mataki ɗaya ko biyu, ko ka rage masa ɗaya, za ka samu nagatif da za a iya bugawa. P30 ba ya yafe ragin haske. Inuwarsa kan toshe ta zama baƙi ƙirin, babu zare babu ido, kuma abin da bai hau nagatif ba, babu sikana ko manhajar da za ta dawo da shi. Shi ya sa masu amfani da shi da yawa suke saita kyamara a 50 maimakon 80, wato ƙarin kashi biyu cikin uku na mataki, kuma su auna haske daga ɓangaren inuwa.

A nan ne ranar ƙasarmu take shigowa. Mutum baƙi sanye da farar babbar riga da tsakar rana, hula ta yi wa goshinsa inuwa: FP4 zai riƙe aikin zaren rigar, ya riƙe fuskar. P30 zai tilasta maka zaɓen ɗaya. Ga shi kuma ba ya jin launin ja sosai, saboda haka jan yadi, leɓe da fata sukan fito da duhu fiye da yadda ido ya gani. Kada a sa masa jan gilashi a gaban lens, ba abin da zai ƙara sai duhu. Inda yake nuna kansa shi ne haske mai laushi: hazon hunturu, sanyin safiya, inuwar rumfa, ranar da hadari ya rufe sama. A irin wannan yanayi FP4 kan fito fayau ba armashi, P30 kuwa ya ba da baƙi mai zurfi da laushin da da ƙyar ake ganin ƙwayar hoton, ko an faɗaɗa shi.

Wajen wanki, wato fito da hoton da ruwan sinadari, lissafin FP4 a bayyane yake. A ma'aunin zafi 20°C, ruwan wanki ID-11 tsantsa minti 8 da rabi, D-76 tsantsa minti 8, kowannensu da aka sirka 1+1 (kashi ɗaya sinadari, kashi ɗaya ruwa) minti 11, Rodinal 1+50 minti 15. A kifa tankin sau huɗu a daƙiƙa goma na farkon kowane minti. P30 ya fi son ruwan wanki mai sauƙin hali, irin D-96 da aka yi domin fim ɗin silima, ko Rodinal da aka sirka sosai, tare da rage girgiza. Yawan girgiza da wuce lokaci su ne ke ƙone masa wuraren haske. Naɗin farko na gwaji ne: a ɗauki abu ɗaya a 80, da 50, da 40, a wanke, a duba wanda inuwarsa ta buɗe.

Ruwan famfo ko na tanki da ya kai 30 yana cutar da su duka, amma ya fi cutar P30, domin zafi yana hanzarta wanki ya ƙara tsananin baƙi da fari. A sauko da shi zuwa 20 da ƙanƙara a roba, ruwan wanki da fiksa (ruwan da ke tabbatar da hoton) da na ɗauraya duk su zama kusa da juna. Fiksa 1+4, minti 5. Shanya kuma a banɗaki a rufe, bayan an yayyafa ruwa ƙura ta kwanta.

Sai batun kyamara. Gwangwanin FP4 yana da lambar DX, alamar da ke nuna ISO, ƙananan kyamarori masu sarrafa kansu suna karanta ISO ɗinsa. A duba na P30 kafin a ɗora. In babu lambar, yawancinsu za su ɗauke shi a 100, wato ragin hasken da ya fi ƙi. Kyamarar da ake saitawa da hannu ita ce tasa.

Don biki, suna, ko aikin da aka biya ka, ɗauki FP4. P30 a sayi naɗi biyu ko uku lokaci ɗaya idan an same shi, a sa a firiji cikin leda mai rufi, a fito da shi awa biyu kafin a buɗe don kada ya yi gumi.