Sati uku ina wasa da BASIC na Commodore 64

Ni dai ban taɓa riƙe Commodore 64 na gaske a hannuna ba, tsohuwar kwamfuta ce da aka fito da ita 1982 tun ba a haife ni ba. Abin da na yi shi ne na sauke VICE a tsohuwar laftof ɗina, manhaja ce kyauta da ke kwaikwayon injin sak, don ɗan yayana da yake JSS 2 ya dame ni wai shi fa sai ya koyi kodin, kuma duk lokacin da muka zauna kan yaren kodin na Python sai rabin lokacin ya ƙare a saukar da wannan da saita wancan, data na tafiya yaron na hamma.

Ranar farko da muka buɗe, shuɗin allo ne kawai ya bayyana, sama an rubuta COMMODORE 64 BASIC V2, ƙasa 38911 BASIC BYTES FREE, sai READY da ɗan akwati yana ƙiftawa. Shi ke nan fa. Na ce ya rubuta PRINT 7*8 ya danna RETURN, nan take 56 ta fito, wallahi sai da yaron ya gyara zama. Daga nan muka yi 10 PRINT "SANNU KAWU" da 20 GOTO 10, ya buga RUN rubutun ya yi ta zuba ba tsayawa, yana ta dariya yana neman yadda zai kashe, sai na nuna masa RUN/STOP wanda a laftof Esc ne.

Abin da ya fi burge ni kenan, tsakaninka da injin babu shamaki. Shi wannan BASIC ɗin, wato yaren kodin na injin, tafinta ne, yana zaune cikin ROM, ƙwaƙwalwar injin da ba ta gogewa, layi-layi yake karanta abin da ka rubuta yana aikatawa, in ka yi kuskure ya ce ?SYNTAX ERROR IN 30 sai ka buga LIST ka hau da kibiya zuwa layin ka gyara a wurin ka danna RETURN. Lambar layin nan ma da mutane ke rainawa, ga mai koyo alheri ce, yaron da idonsa yake ganin daga 10 ake zuwa 20, kuma da kansa ya gane dalilin barin tazarar goma-goma ranar da ya so cusa layi a tsakiya ya sa masa 15.

Ashe ma da ma don irinsu aka yi yaren. John Kemeny da Thomas Kurtz ne suka ƙirƙire shi 1964 a kwalejin Dartmouth ta Amurka saboda ɗaliban da ba lissafi suke karanta ba. Wanda ke cikin Commodore kuwa asalinsa na Microsoft ne, su Bill Gates da Paul Allen da BASIC suka fara kasuwa 1975 a kan injin Altair, duk da ba za ka ga sunan kamfanin a allon ba.

To amma akwai inda ya ba mu wahala sosai. Mun zauna rubuta ɗan shiri na lissafin cinikin kunun da mamansa ke saidawa, muka sa KUNU=12 da KUDI=200, lissafi ya ƙi fita daidai, muka duba muka sake dubawa har aka kira magariba. Sai da daddare na gano cewa haruffa biyun farko na suna kawai yake dubawa, wato a wurinsa KUNU da KUDI duk KU ne, na biyun ya taka na farkon kuma ko uffan bai ce ba. Wannan shirun ne ya fi min ciwo, da ya yi ƙorafi ai da minti ɗaya mun gyara. Washegari muka sa GORO, shi kuma ya ƙi karɓa gaba ɗaya saboda GO kalmarsa ce. Ga shi babu ƙ babu ɗ babu ɓ, dole kuɗi ya koma KUDI.

Launi da sauti ma babu umarninsu ko ɗaya, komai sai POKE, wato umarnin cusa lamba a wani gurbi na ƙwaƙwalwar injin, ka haddace lamba kamar lambar waya. POKE 53280,0 ya mai da gefen allo baƙi, 53281 na tsakiya ne. Yaron ya ji daɗin wannan har ya sa launuka 16 ɗin suna juyawa da FOR, amma da muka zo sauti da ke farawa daga 54272 sai ya karaya, ni ma ban matsa masa ba. Babu ELSE, ga rashin sauri, ƙirga 1 zuwa 10000 ba tare da yin komai ba sai da ya ci wajen daƙiƙa goma, injin da ma gudunsa wajen megahaz ɗaya ne kawai.

Ba zan ce wani ya zauna a nan shekara guda ba, GOTO in ya yi yawa shiri cukurkuɗewa yake kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi, kuma ba da shi ake neman aiki yau ba. Amma sati biyu ko uku na farko, ga yaro ko babban da bai taɓa rubuta layi ɗaya ba, ni ban ga abin da ya kai shi ba. Da muka koma Python ranar Asabar na fara masa bayanin for sai ya katse ni ya ce Kawu ai wannan FOR da NEXT ne, NEXT ɗin kawai suka cire. Shirin kunun yana nan mun adana da SAVE"KUNU",8 kuma jiya ya ƙara masa layin da ke cire kuɗin sukari da gero kafin ya faɗi riba.