Aikin da mai rewaya ya yi min a fitilun tirelata

Jama'a bari in faɗa muku yadda muka yi da wani mai rewaya a nan wajenmu, ba zan kama suna ba. Wata 'yar ƙaramar tirela ce mai walda ya haɗa min bara, ina jan ta da Hilux ina kai riɗi da gero kasuwa, to ba ta da fitila ko ɗaya, shi ne na sayo saiti a Kofar Ruwa, fitilu biyu da soket mai ƙafa 7 da wayarsa, na kai masa ya jona min da motar. Gaskiya ranar na yaba, mutum ne mai fara'a, kafin la'asar ya gama, muka gwada a tsaye birki ya kama sigina ta kama, har na ƙara wa yaronsa na shayi.

Sati bai zagayo ba ranar kasuwar Gujungu muna dawowa bayan magariba da buhuna cike, ƙanena yana bin mu a babur, sai ga shi ya sha gabana yana ɗaga hannu. Ya ce Yaya tsaya, in ka sa sigina ta hagu fitilun nan duka ne suke ƙyaftawa dishi-dishi, in ka taka birki kuma sai su kusa mutuwa, saura kaɗan in shige ƙarƙashin tirelar. Wallahi bai rufe baki ba na ji ƙaurin roba, fitilar dashbod ta ɗauke. Na haska da tocilan waya ƙarƙashin bamba sai ga waya ta narke ta manne da ƙarfe tana hayaƙi. Haka na cire kan batir hannuna yana rawa, ga riɗin mutane a baya ga tankin mai nan kusa, kuma hanyar nan kun san yadda manyan motoci suke gudu da dare.

Washegari wani dattijo a Ringim ya duba min. Farar wayar nan ta ƙafa ta 3 a soket ɗin, wadda ya kamata a ɗaure da noti a jikin ƙarfen mota don wuta ta samu hanyar komawa, ashe naɗe ta kawai aka yi da salatif aka cusa. Wai mai rewayan ya dogara da maƙalin da tirela ke kama mota, wurin da duk tsatsa ce da giris, shi ya sa in an hau gargada wutar take bi ta sauran ƙwayayen. Wannan ma da sauƙi. Fiyus mai amp 10 na ƙananan fitilu, dattijon ya zaro shi ya ɗora min a tafin hannu, ya riga ya ƙone an naɗa masa silin waya an mayar. Da lafiyayye ne, lokacin da wayar ta gogu da ƙarfe shi zai yanke ba waya ta ci wuta ba.

Na koma wurin mai rewayan raina a ɓace, amma ya ce Alhaji don Allah ka yi haƙuri laifina ne ban duba bayan yaro ba. Ya goge ƙarfen da sanfefa ya ɗaure farar wayar, ya zura sauran cikin tiyo, kuma tsakani da Allah yanzu fitilun garau suke, har na ce a raina ai ya iya aiki. Sai da zan tafi ya ce in ba da kuɗin sabuwar waya da fiyus. Wayar da sakacinsa ya ƙona fa. Na ba shi don ba na son hayaniya a gaban yara, amma har yau in na tuna ƙanena a bayan tirelar nan cikin duhu sai in ji abin ya dawo min sabo, ko ƙwan fitila ba zan sake kai masa ya canza ba.