Kartar kife a blackjack: tsarin Amurka da na Turai

Ɗan'uwa, ka tambaya daga nan Yamai game da blackjack, wasan kartar gidan caca da ake neman fin mai rabo maki ba tare da an wuce 21 ba, abin da ya bambanta teburin da mai rabon karta ke leƙa kartarsa ta kife da teburin da ba a leƙawa, da kuma inda 'yan wasa ke samun rinjaye. Caca haramun ce a addininmu, kuma ta rushe gidaje da yawa, don haka ina amsa maka ne domin lissafin da ke cikinta ya fito fili.

A tsarin Amurka, mai rabo yana ɗaukar karta biyu tun farko, ɗaya a buɗe, ɗaya a kife. Idan ta buɗen as ce (karta mai alamar A, wadda darajarta 1 ce ko 11) ko mai daraja 10, sai ya duba ta kifen, in sun haɗa 21 zagayen ya ƙare kafin kowa ya ƙara kuɗi. A tsarin Turai, wanda aka fi sani a Faransa da Ingila, ba ya ɗaukar ta biyu sai kowa ya gama wasansa. Wanda ya sa jaka 10 ya ninka ta koma 20 zai rasa duka idan 21 ta fito wa mai rabo, alhali a teburin Amurka 10 kaɗai za ta tafi. Wannan yana ƙara wa gidan caca ribar kusan kashi 0,11 cikin 100, bambancin ke nan a lissafi.

Amma leƙen yana da nasa rauni, kuma a ganina nan ne ainihin maganar take. A da mai rabo yana ɗaga gefen kartar da hannu, sai manyan kartoci su lanƙwashe saboda yawan ɗagawa, har mai lura ya gane su daga bayansu. Wani kuma fuskar mai rabo yake karantawa, wani ya zauna inda zai hango kartar idan hannun ya yi sakaci. Wanda yake ganin kartar kife a kowane zagaye rinjayensa yana iya wuce kashi 10 cikin 100. A 1984 kotun ƙoli ta jihar Nebada a Amurka ta yanke hukuncin cewa hango ta daga kujerarka saboda sakacin mai rabo ba maguɗi ba ne. Shi ya sa aka dasa ƙaramin madubi ko na'ura a jikin tebur, inda ake zura kusurwar kartar ba tare da an ɗaga ta ba. Teburin Turai ba shi da wannan ƙofa, tunda babu kartar da za a hango.

Ƙidayar karta kuwa tana aiki a tsarin biyu. Malamin lissafi Edward Thorp ne ya yaɗa ta da littafinsa na 1962. A hanyar da ta fi shahara, ana ƙara 1 idan karta daga 2 zuwa 6 ta fita, a rage 1 idan as ko mai daraja 10 ta fita, sannan a ƙara kuɗi lokacin da manya suka yi yawa a ragowar kartocin da ba a raba ba. Rinjayen bai cika wuce kashi 1 cikin 100 ba, yana buƙatar jari mai kauri, kuma a Nebada gidan caca yana da ikon korar mai ƙidaya. Injin da ke gauraya karta bayan kowane zagaye yana kashe dabarar gaba ɗaya.